Yadda harajin gado ya kai maganar auren jinsi gaban Kotun Ƙolin Amurka

"Assalamu alaikum Barista. Ni ɗalibin shari'a ne a Zariya. Malaminmu ya ce ƙarar da ta fara rusa dokar da ta hana gwamnatin Amurka amincewa da auren jinsi ba kan aure aka shigar da ita ba, kan kuɗin haraji ne. Abin ya ɗaure mini kai. Me ya haɗa gado da haraji, kuma me ya haɗa su da auren jinsi? Sannan baffana yana can da iyalinsa shekara da shekaru, ko wannan doka tana shafar irinsu?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku ya faɗi gaskiya. Tambayarka kashi uku ce: me ya sa gwamnati take sa hannu a dukiyar mamaci, ta yaya wannan ya zama ƙofar da maganar auren jinsi ta bi ta shiga kotu, sannan ina baffanka ya tsaya a cikin lamarin. Hukuncin addini a kan auren jinsi sananne ne a wurin malamanmu, kuma dokar da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta haramta shi a Najeriya, da ɗaurin da ya kai shekara 14. Ba wannan ka tambaye ni ba. Ka tambaye ni dokar Amurka, inda na daɗe ina aikin gado da wasiyya, don haka a nan zan tsaya.

Abin ya ɗaure maka kai ne saboda ba a haka muka taso ba. A wurinmu idan mutum ya rasu, a yi masa sutura, a biya bashi, a fitar da wasiyya daga cikin sulusi, sannan malami ko alƙali ya zauna ya raba, mata ta ɗauki tumunin takaba idan akwai 'ya'ya, rubu'i idan babu. Gwamnatin tarayya ba ta da kaso. An taɓa yin dokar haraji kan dukiyar da ta sauya hannu a 1979, aka soke ta a 1996. A Amurka kuwa, tun 1916 gwamnatin tarayya take ɗaukar nata daga dukiyar mamaci kafin magada su taɓa ko sisi. Ana haɗa duk abin da ya bari, gida da hannun jari da kuɗin banki da sauransu, a yafe wani adadi, abin da ya haura a yanke masa haraji. A 2009, shekarar da labarinmu ya faru, adadin da ake yafewa dala miliyan 3.5 ne, abin da ya haura kuma a ɗauki kashi 45 cikin 100. Ke nan wanda ya bar miliyan 4.5, rarar miliyan ɗayar nan gwamnati za ta kwashi dala 450,000 daga cikinta.

Amma akwai wata babbar rangwame da dokar haraji ta 1981 ta kawo: duk abin da miji ya bar wa matarsa, ko mata ta bar wa mijinta, ba a taɓa shi, ko biliyan nawa ne. Hikimar ita ce aljihun ma'aurata ɗaya ne. Tare suka tara, don haka mutuwar ɗaya ba ta nufin dukiya ta bar gida, sai na biyun ya rasu ta wuce ga 'ya'ya sannan gwamnati ta zo. Ka riƙe wannan da kyau, domin duk rigimar a kan kalma ɗaya take: wa doka take kira miji ko mata?

Tsohuwar da ta biya dala 363,053

Edith Windsor ƙwararriyar kwamfuta ce da ta yi aiki a kamfanin IBM. Thea Spyer kuma likitar halayyar ɗan Adam ce, haifaffiyar Amsterdam, iyayenta Yahudawa ne da suka gudo daga 'yan Nazi. Sun haɗu a New York a 1963, suka zauna tare sama da shekara arba'in. A 1977 aka gano Thea tana da ciwon jijiyoyi mai shanye jiki a hankali, har ta koma kan keken guragu, Edith ce ta yi ta jinyarta. Da likitoci suka ce kwanan Thea ya kusa ƙarewa, suka tafi Toronto ta Kanada a watan Mayun 2007 aka ɗaura musu aure bisa dokar can. Thea ta rasu a Fabrairun 2009, ta bar wa Edith komai. Mafi yawan dukiyar kuwa ba tsabar kuɗi ba ce, gidan da suke zaune ne a Manhattan da wani ƙaramin gida a Long Island, waɗanda suka saya da daɗewa farashinsu ya yi ta hawa.

Sai hukumar haraji ta IRS ta ce ba ta san da wannan aure ba. Dalilinta wata doka ce ta 1996 da ake kira DOMA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu bayan ta wuce majalisa da gagarumin rinjaye, 342 da 67 a majalisar wakilai, 85 da 14 a ta dattawa. An yi ta ne saboda fargabar cewa kotunan jihar Hawaii na gab da halatta auren jinsi. Sashe na 3 na dokar ya ce a duk inda kalmar aure ta fito a dokokin tarayya, ana nufin namiji ɗaya da mace ɗaya. Wani ofishin bincike na majalisa ya ƙirga a 2004, ya sami wurare 1,138 a dokokin tarayya da matsayin aure yake yanke wa mutum haƙƙi ko nauyi, daga fanshon gwauraye zuwa bizar iyali zuwa kabarin sojoji. Jumla guda ta rufe su duka. Haka Edith, tana da shekara kusan tamanin, ga ciwon zuciya da ya kwantar da ita bayan rasuwar, ta biya gwamnatin tarayya dala 363,053, ta kuma biya jihar New York sama da dala 275,000. Da sunan namiji ne a takardar auren, ko da wata ɗaya suka yi tare, ba za ta biya ko kwabo ba.

A nan ne za ka ga wayon lauyoyi, kuma a matsayinka na ɗalibi ka lura. Kotunan tarayya a Amurka ba sa sauraron mutum don kawai doka ba ta yi masa daɗi ba. Sai ya nuna cutarwar da ta same shi a karan kansa, wadda kotu za ta iya gyarawa. To wace cutarwa ta fi rasit ɗin haraji fitowa fili? Lauyarta, Roberta Kaplan, ba ta roƙi kotu ta halatta auren jinsi a faɗin ƙasa ba. A Nuwamban 2010 ta shigar da ƙara cewa jihar New York ta amince da auren nan, kuma tun asali jihohi ne ke da hurumin aure, don haka a mayar wa tsohuwa kuɗinta. A Fabrairun 2011 gwamnatin Obama ta ce ba za ta ƙara kare sashen a kotu ba, sai shugabannin majalisar wakilai suka ɗauki nasu lauyan, Paul Clement. Edith ta yi nasara a kotun farko da ta ɗaukaka ƙara a 2012. Ranar 26 ga Yuni 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai biyar da huɗu. Mai shari'a Anthony Kennedy ya rubuta cewa sashen ya saɓa wa gyara na biyar na kundin tsarin mulki, domin ya ware wasu auratayyar da jiha ta halatta ya mayar da su na baya-baya. Alƙalai huɗun da suka ƙi, wato Roberts da Scalia da Thomas da Alito, su ma da hujjarsu: tsarin mulki bai ce komai kan ma'anar aure ba, don haka a bar wa jama'a da wakilansu. Scalia ya yi hasashen cewa hukuncin zai kai ga rusa dokokin jihohin da suka hana auren jinsi, kuma haka aka yi, shekara biyu cif bayan nan, a shari'ar Obergefell ta 26 ga Yuni 2015. An mayar wa Edith kuɗinta har da ruwa. Ta rasu a 2017. A Disamban 2022 majalisa ta soke DOMA baki ɗaya.

Inda talaka yake jin zafin

Za ka iya cewa ai wannan matsalar masu kuɗi ce, kuma a harajin tarayya ka yi gaskiya. A 2025 adadin da ake yafewa ya kai dala miliyan 13.99, daga 2026 kuma miliyan 15, abin da ya haura a ɗauki kashi 40. Mutum ƙalilan ne suke kaiwa nan. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin wasu jihohi suna da nasu harajin, wanda ake ɗora wa magajin gwargwadon kusancinsa da mamaci. A Pennsylvania mata ko miji ba sa biyan komai, 'ya'ya da jikoki kashi 4.5, 'yan'uwa na ciki ɗaya kashi 12, bare kuma kashi 15, kuma tun daga dalar farko ake lissafi. Gidan dala 200,000 da aka bar wa wanda doka take kallo a matsayin bare, sai ya nemo dala 30,000 cikin wata tara, ko ya sayar da gidan. Wannan ne ya sa kafin 2013 wasu masu zaman jinsi suka riƙa yin wani abu mai ban mamaki: babban ya je kotu ya ɗauki ƙaramin a matsayin ɗan riƙo, don doka ta ga alaƙa tsakaninsu. Bayard Rustin, wanda ya tsara babban tattakin Washington na 1963 inda Martin Luther King ya yi jawabi, haka ya yi wa abokin zamansa a 1982.

Akwai wata ƙa'ida kuma da na ga zafinta da idona. Idan ma'aurata suka mallaki gida da sunansu biyu, doka tana ɗauka rabi da rabi ne, ba tambaya. Idan ba ma'aurata ba ne, dokar tarayya tana ɗauka duka gidan na wanda ya fara mutuwa ne, sai in wanda ya rage ya kawo shaidar abin da ya zuba. Wani dattijo ya taɓa shigowa ofishinmu kafin hukuncin 2013, makonni kaɗan da rasuwar mutumin da suka shekara talatin tare. Ya ɗora kwalin takalmi biyu a kan tebur, cike da tsofaffin cak da rasit, wasu tawadarsu ta koɗe. Muka kwana uku muna jera su shekara-shekara, wannan na biyan bashin gida, wannan na gyaran rufi, wannan na tukunyar ɗumama ɗaki. Duk takardar da ya ɗauko sai ya tsaya ya dube ta, ya ce wannan shekarar ce aka yi masa tiyata, wannan kuma lokacin da mahaifiyarsa ta rasu. Hannunsa na rawa. Ni da shi ba addini ɗaya ba, ba fahimtar rayuwa ɗaya ba, amma ban ga adalci a ce mutumin da yake cikin makoki ya zauna yana tabbatar wa gwamnati cewa gadon da yake kwana a kai da guminsa aka saya ba. Ra'ayina ke nan a kan wannan gaɓar: ƙasar da ta ce ba ruwanta da addini, ta karɓi harajin mutum cikakke yana raye, jiharta ta ba shi takardar aure, ba ta da hujjar da za ta juya ta ce ba ta san takardar ba ranar da kuɗi za su fita daga aljihunta.

Turai ma ta bi ta wannan hanya, kowace ƙasa da salonta. Birtaniya tana yafe fam 325,000 ta ɗauki kashi 40 na ragowar, kuma daga Disamban 2005 ta ba masu rajistar zaman jinsi irin rangwamen ma'aurata. Faransa, inda bare yake biyan kashi 60, ta yafe wa ma'aurata da masu rajistar zaman tare harajin gado a 2007. Kotun tsarin mulkin Jamus ta soke bambancin harajin gado tsakanin ma'aurata da masu rajistar zaman jinsi a 2010.

Amma kada ka ɗauka an gama daidaita kowa. An faɗaɗa da'irar ne kawai, har yanzu akwai na waje. Joyce da Sybil Burden ya da ƙanwa ne 'yan Ingila, ba su taɓa aure ba, tare suka tsufa a gidan da aka gina a filin da suka gada, bayan sun yi jinyar iyayensu. Suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai cewa duk wadda ta rage a cikinsu za ta biya harajin da zai iya raba ta da gidan, alhali masu rajistar zaman jinsi an yafe musu. A Afrilun 2008 kotun ta yi watsi da ƙararsu, alƙalai 15 da 2, ta ce zumuncin jini daban, alƙawarin da aka ƙulla a gaban hukuma daban. A shari'ance na fahimci hukuncin. A zuciya kuwa har yau yana damuna, domin mu da muka san gidan da goggo da inna suke tsufa tare, mun san dogaron da ke tsakaninsu bai gaza na aure ba.

Maganar baffanka

Wannan ya kawo mu kan mutanenmu, kuma a nan nake so ka buɗe kunne, don idan gemun maƙwabcinka ya kama da wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ƙa'idar da ta kama Edith ita ce take kama Bahaushe a Amurka ta wasu fuskoki: hukuma ba ta duba shekarun da kuka yi tare, takarda take dubawa.

Abu na farko, shin matar baffa ta zama 'yar ƙasa? Tun 1988 rangwamen nan marar iyaka ba ya aiki idan wadda aka bari ba 'yar Amurka ba ce, ko da tana da girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin, don gwamnati tana tsoron ta kwashi dukiyar ta koma gida. Mafita ita ce a zuba dukiyar a wani asusun amana na musamman da ake kira QDOT, wanda dole a cikin masu kula da shi a sami ɗan Amurka ko bankin Amurka, ko kuma ita matar ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa kafin a miƙa takardun harajin. Idan dukiyar baffa ba ta kusanci miliyoyin da na ambata ba, harajin tarayya ba zai taɓa shi ba, sai dai ya sani cewa idan mazaunin can ne na dindindin, har gidansa na Kano da gonarsa ana haɗawa a lissafi. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne attajirin da yake zaune a Najeriya ya sayi gida a Houston ko Maryland da sunansa. Shi dala 60,000 kacal ake yafe masa, ragowar a yi mata haraji har zuwa kashi 40.

Na biyu ya fi zafi: amarya. Babu jihar Amurka da take ɗaura aure na biyu alhali na farko yana nan. Idan baffa yana da mata biyu, a idon hukuma ɗaya ce matarsa, ɗayar kuwa bare ce, kamar yadda Edith ta kasance a 2009. Ba ta da fanshon mijinta na gwamnati a matsayin matarsa, ba ta da rangwamen haraji, kuma idan ya rasu ba wasiyya ba ta cikin magada. A New York wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, matarsa ta doka tana ɗaukar dala 50,000 da rabin ragowar, 'ya'ya su raba sauran daidai wa daida, mace da namiji. Babu tumuni, babu kason iyaye idan akwai mata ko 'ya'ya. Na zauna da iyalin wani bawan Allah direban tasi da ya rasu haka, uwargida da amarya suna zaune a kujera ɗaya, ni ne na faɗa wa amaryar cewa sunanta ba ya ko'ina a doka, 'ya'yanta ne kawai suke da kaso. Uwargidan ce ta ce a kira liman a raba yadda Allah ya ce, ta sa hannu ta saki nata. Allah ya saka mata. Amma halinta ne ya ceci gidan, da ta ƙi babu kotun da za ta tilasta mata.

Ga 'yan'uwanmu na Ingila kuma akwai tarkon ɗaurin aure a masallaci ko a falo ba tare da rajista ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta can ta tabbatar a 2020, a shari'ar Akhter da Khan, cewa irin wannan ɗaurin auren ba aure ba ne a dokar Ingila. A Amurka abin ya danganta da jiha.

Abin da nake gaya wa duk wanda ya zo wurina shi ne ya rubuta wasiyya bisa ƙa'idar jiharsa, da shaidu, ya bayyana cewa a raba dukiyarsa bisa rabon Musulunci, ya zayyana kowa da kasonsa da sunansa, har da amarya. Kotu tana karɓar wannan, sai dai a yawancin jihohi matar doka tana da damar ƙin wasiyyar ta nemi kason da doka ta ajiye mata, a New York sulusi ne, don haka a zauna da ita tun da rai ta sa hannu a takardar yarda. Sannan ya duba sunan da ya rubuta a inshorar rai da asusun ritaya, domin waɗannan ba sa bin wasiyya, galibi sunan da ke jikin fom suke bi. Sau da yawa mutum ya cike fom ɗin ne ranar da ya fara aiki, shekara ashirin da suka wuce, da sunan matar da ya riga ya saka.

Aikina a New York yake, kuma dokar gado ta jiha ce, abin da ya yi daidai a nan yana iya zama kuskure a Texas ko California, inda doka take ɗaukar dukiyar da aka tara cikin aure a matsayin ta mata da miji rabi da rabi tun suna raye. Alƙaluman haraji ma majalisa tana sauya su. Don haka ka kira baffa ka tambaye shi jihar da yake, matsayin takardun matarsa, da ko ya taɓa rubuta wasiyya. Idan ya ce bai rubuta ba, ka ce ya nemi lauyan gado na jiharsa, ya tafi da takardar aure da takardun gida da fom ɗin inshora, ya kuma tafi da malamin da ya san ilimin gado don su zauna tare.